Me ya sa bayit ya zama bit takwas? Muhawara kan asalin ma'aunan bayanai na kwamfuta

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata tambaya da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, ina so mu tattauna ta a tsanake. Ina cikin koyar da ɗalibaina ma'aunan bayanai, na rubuta musu a allo cewa bit takwas ne ke yin bayit ɗaya, kamar yadda mu ma aka koya mana, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa takwas? Me ya hana a ce goma, tunda da goma muke ƙirga komai?" Na amsa mata cewa haka aka tsara kwamfuta, amma na ga a fuskarta ba ta gamsu ba, kuma tana da gaskiya, domin wannan ba dalili ba ne, maimaita tambayar ce kawai da wasu kalmomi. Tun daga ranar nake bin tarihin abin, kuma ga inda fahimtata ta tsaya. Shi bit, wato zaɓi tsakanin abu biyu, kunne ko kashe, e ko a'a, ba wanda ya ƙaga shi don ra'ayinsa, domin shi ne mafi ƙanƙantar bambancin da za a iya yi tsakanin abubuwa. Amma bayit mai bit takwas ba haka yake ba. Shawara ce da wasu mutane ƙalilan suka yanke a wani kamfani a Amurka, bayan sun yi gardama mai zafi, kuma da wani ɓangaren ne ya yi rinjaye, da yau shida muke koyarwa. A ganina bit kamar ƙwayar hatsi yake, bayit kuwa kamar mudu, wanda girmansa yarjejeniya ce ta kasuwa. Ina neman wanda zai gyara mini ko ya ƙara mini haske.

Injiniya Rabi'u: Wa alaikumus salam. Malam Habibu, Allah ya ƙara basira, amma ban yarda da rabin maganarka ta biyu ba. Takwas ba lambar da aka tsinta a hanya ba ce. Biyu sau biyu sau biyu ne, kuma duk injin da ke lissafi da tushe biyu, wato da sifiri da ɗaya kawai, dole ya fi samun sauƙi da lambobin da ke fitowa daga ninka biyu. Idan kana so ka nuna wurin wani bit a cikin bayit, bit uku sun ishe ka cif, ba ragi ba ƙari. Idan kana so ka koma daga adireshin bit zuwa adireshin bayit, sai ka yanke bit uku na ƙarshe kawai, ba sai ka yi rabawa ba. Da shida wannan ba ya yiwuwa, domin rabawa da shida aiki ne na gaske ga inji. Saboda haka ko da waɗancan mutanen sun zaɓi shida a lokacin, ina da yaƙinin cewa da an dawo takwas daga baya, kamar yadda ruwa ke neman gangare ko ta ina aka tare shi.

Aminu: Allah ya gafarta malamai, ni ɗalibi ne, ina biye da ku. Abin da na sani shi ne Claude Shannon ne ya ƙirƙiro kalmar bit a 1948, kuma tun daga ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, duk kwamfutoci da sifiri da ɗaya suke aiki. Idan haka ne, ashe maganar Injiniya ta fi ƙarfi, tunda tun farko a kan biyu aka gina komai.

Dakta Lawal: Aminu ƙanena, ka yi kusa da gaskiya a magana ta farko, amma akwai gyara. Shannon ne ya fito da kalmar fili a maƙalarsa ta 1948 kan ka'idar lissafi ta sadarwa, wadda ta fito a mujallar fasaha ta kamfanin wayar Bell, sai dai a cikin maƙalar shi da kansa ya ce John Tukey ne ya ba da shawarar kalmar. Tukey masanin ƙididdiga ne, ya yi amfani da ita a wata takardar cikin gida a farkon 1947, inda ya ɗauki farkon kalmar Turanci mai nufin "na tushe biyu" ya haɗa da ƙarshen kalmar da ke nufin alƙalamin lissafi. Aka yi dace kuma kalmar da ta fito tana da ma'anar "ɗan guntu" a harshensu, shi ya sa ta zauna daram.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa Shannon ba wurin ajiya yake aunawa da bit ba, labari yake aunawa, kuma waɗannan abubuwa biyu ne da muke yawan cakuɗa su. Ka ɗauka an aiko maka cewa matar yayanka ta haihu, kai kuma kana jiran ka ji namiji ne ko mace. Amsar da za ta zo maka kusan bit ɗaya ce cikakkiya, domin kowane ɗaya daga cikin biyun yana iya faruwa daidai da ɗan'uwansa. To, ka tambayi mutum ko an yi ruwan sama a Kano jiya, alhali ana tsakiyar watan Janairu. Ita ma amsar e ko a'a ce, kuma a ma'ajiyar kwamfuta bit ɗaya za ta ci, amma idan ya ce maka a'a kusan bai ƙara maka komai ba, don ka riga ka sani. A ma'aunin Shannon wannan amsar ba ta kai ko kusa da bit ɗaya ba. Daga nan ne duk dabarun matse fayil suka samo tushe, kuma shi kansa a 1951 ya ƙiyasta cewa baƙi ɗaya a rubutun Turanci, idan an san abin da ya gabace shi, labarin da yake ɗauke da shi bai wuce kimanin bit ɗaya ba. Kafin Shannon ma, Ralph Hartley, shi ma a ɗakin binciken Bell, ya nuna a 1928 cewa da logaridim ya kamata a auna labari. Abin da Shannon ya tsayar shi ne a ɗauki tushe biyu, saboda makunnin lantarki matsayi biyu gare shi.

Malama Hadiza: Dakta ya gyara ta farko, bari in gyara ta biyu, domin ita ce ta fi shafar gardamar. Aminu, ENIAC ba da tushe biyu take ajiye lambobinta ba. An gina ta a Jami'ar Pennsylvania, aka nuna ta ga jama'a a watan Fabrairu na 1946, kuma da tushe goma take lissafi kamar ɗan kasuwa. Tana da ma'ajiyoyin lissafi 20, kowace tana riƙe lamba mai alƙaluma goma, kuma kowane alƙalami ɗaya zoben da'irori goma ne ke riƙe shi, ɗaya kawai ke kunne a lokaci guda, tamkar dai an kwaikwayi ƙafafun haƙora na injin lissafin hannu da lantarki. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ta ci ƙwayayen lantarki irin na tsohuwar rediyo sama da 17,000. Saboda haka tambayar ɗalibar Malam Habibu ba ta yarinta ba ce ko kaɗan, manyan injiniyoyi sun bi hanyar goma kafin a bar ta.

Tushe biyu ya shigo ta ƙofofi daban-daban. Konrad Zuse a Balin ya kammala kwamfutarsa Z3 a 1941 da makunnan wayar tarho, kalmarta, wato yawan bit ɗin da take ɗauka a ɗauki ɗaya, bit 22 ce, kuma shi kaɗai ya kai ga wannan ba tare da sanin abin da ake yi a Amurka ba. A Amurka kuwa rahoton John von Neumann na 1945 kan kwamfutar EDVAC, da wanda ya rubuta tare da Arthur Burks da Herman Goldstine a 1946, su ne suka kafa hujjar cewa tunda kayan lantarki sun fi aminci idan matsayi biyu kawai ake nema daga gare su, to a yi lissafin da biyu, a bar wa injin aikin juya lambobi zuwa goma idan zai nuna wa mutum. Duk da haka injinan kasuwanci irin su IBM 650 sun ci gaba da lissafin goma shekaru bayan nan. Har uku ma an gwada: a Jami'ar Mosko, Nikolai Brusentsov da abokan aikinsa sun gina Setun a 1958, wadda kowane alƙalaminta ke da matsayi uku, kuma an ƙera kimanin 50 daga cikinta.

Injiniya Rabi'u: Malama, na gode da wannan, amma ki lura cewa tarihin da kika kawo ni yake goya wa baya. An gwada goma, an gwada uku, duka suka faɗi, biyu ya tsaya, saboda yanayin kayan aikin ne ya tilasta. Abin da nake cewa shi ne irin wannan tilas ɗin ne ya kawo takwas.

Malam Habibu: Injiniya, a kan biyu ba mu da saɓani. Amma idan tilas ɗin da kake faɗa gaskiya ne, ka bayyana mini abin da ya sa aka yi kusan shekara ashirin ana gina injina masu tushe biyu ba tare da masu gina su sun ji wannan tilas ɗin ba. A wancan zamanin ba a ma maganar bayit, ma'aunin da ake ji da shi shi ne kalmar inji, wato yawan bit ɗin da yake ɗauka a ɗauki ɗaya, kuma kowa da irin tasa. Injin von Neumann na Princeton bit 40 ne, domin ya riƙe lamba mai alƙaluma wajen goma sha biyu, ko kuma umarni biyu masu bit 20 kowanne. EDSAC ta Kambirij, wadda ta fara aiki a watan Mayu na 1949 da bututun zaiba a matsayin ma'ajiya, gajeriyar kalmarta bit 17 ce, doguwar 35. PDP-8 ta 1965 bit 12 ce. CDC 6600 ta Seymour Cray, wadda ta fi kowace sauri a duniya a tsakiyar shekarun 1960, bit 60 ce. Shin Cray bai san cewa 64 ninkin biyu ba ne? Ya sani sarai, bai dai ga ya zama dole ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce kalma mai bit 36, domin a nan ne ake ganin yadda buƙatar mutane ke yanka girman ma'auni. Masana kimiyya na lokacin sun saba da injinan lissafi na tebur masu alƙaluma goma, kuma ba za su karɓi kwamfutar da ta gaza abin da ke kan teburinsu ba. To, bit nawa ake buƙata don alƙaluma goma? Bit 33 suna ba da biliyan takwas da ɗoriya, ba su kai ba. Bit 34 suna ba da biliyan goma sha bakwai da ɗoriya, sun wadatar. A ƙara ɗaya don nuna ko lambar ta ƙari ce ko ta ragi, an sami 35. A ƙara ɗaya kuma an sami 36, wanda ke rabuwa gida shida, kowane gida bit shida, wato baƙaƙe shida cif a kalma ɗaya. Haka IBM 701 ta 1952 take, haka IBM 704, haka PDP-10 daga baya. Shi ya sa a FORTRAN, tsohon harshen rubuta shirin kwamfuta, sunan abu ba ya wuce baƙaƙe shida. Duniya ce cikakkiya da aka gina a kan shida, tana aiki, ana harba rokoki da lissafinta, ba wanda ya ce ta karkace.

Alhaji Isa: 'Ya'yana, ku ba ni dama in sa baki, domin na yi aiki da injin aika saƙo ta waya a ƙuruciyata, kuma maganar bit nawa ke yin baƙi ɗaya ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Émile Baudot na Faransa ya yi rajistar tsarinsa na tangaraho a 1874, inda kowane baƙi alamomi biyar ne, ma'aikaci yana danna su da yatsu biyar, biyu a hannun hagu uku a dama. Daga sunansa aka samo ma'aunin saurin layi da ake kira bod. Daga baya Donald Murray ya mayar da shi kan siririyar takarda da ake hudawa, layi biyar na huji, kuma irinta muka tarar. Biyar tana ba da haɗi 32 ne kawai, baƙaƙen Turanci kuwa 26 ne, lambobi goma, ka ga ba su shiga ba. Dabarar da aka yi ita ce a ware alama ɗaya mai cewa daga nan lambobi ne, wata kuma mai cewa an koma baƙaƙe. Matsalarta mun sha ta da hannunmu: idan layi ya yi ƙara wannan alamar guda ɗaya ta ɓace, duk abin da ya biyo baya sai ya fito a hargitse, inda ya kamata a ga kuɗi a lamba sai a ga baƙaƙe marasa ma'ana, dole a nemi a sake aikowa. Kuma babu ƙananan baƙaƙe sam, komai da manya ake rubutawa. Da aka koma shida an sami 64, lambobi da baƙaƙe suka zauna tare ba tare da wancan sauyin ba, amma har a lokacin ƙananan baƙaƙe ba su da wuri.

Dakta Lawal: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ka kawo mu daidai bakin inda abin ya faru. Kalmar bayit ta fito ne a watan Yuni na 1956 daga Werner Buchholz, haifaffen Jamus da ke aiki a IBM, lokacin da ake zana babbar kwamfutar nan Stretch, wadda aka kai ta farko ɗakin bincike na Los Alamos a 1961. Ya ɗauko ta daga kalmar Turanci mai nufin loma ko cizo, wato abin da inji ke gutsura a lokaci ɗaya, sai ya musanya baƙin i da y don kada kuskuren rubutu ya mayar da ita bit. Abin lura shi ne cewa a Stretch bayit ba shi da tsayayyen girma. Mai rubuta shiri ne ke faɗa a cikin umarni ko bit nawa yake so, daga ɗaya har zuwa takwas. Wato wanda ya raɗa sunan ma bai ce takwas ne kaɗai ba.

An tsayar da shi ne a System/360, wadda IBM ta sanar ranar 7 ga Afrilu, 1964. Manufarta ita ce a yi iyali guda na injina, ƙanana da manya, na 'yan kasuwa da na masana kimiyya, duka su riƙa gudanar da shiri iri ɗaya. Manyan masu zanen su ne Gene Amdahl da Fred Brooks da Gerrit Blaauw. Amdahl yana son shida, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce: ma'ajiya a lokacin ƙananan zobban maganaɗisu ce da ake saƙa wa waya, kowane bit kuɗi ne, kuma ƙara bit biyu a kan kowane baƙi na nufin ƙarin kashi ɗaya cikin uku na tsada, ga kuma tarin tef da kayan aiki da abokan ciniki suka riga suka mallaka a kan shida. Brooks ya tsaya a kan takwas, maganar ta kai gaban shugabansu Bob Evans, shi kuma ya tabbatar da hukuncin Brooks. Hujjoji biyu ne suka fi nauyi. Ta farko ta akantoci ce: yawancin abin da banki da kamfanin inshora ke ajiyewa lambobi ne, alƙalami ɗaya kuwa bit huɗu yake buƙata, saboda haka a gidan shida ana asarar biyu, a gidan takwas kuwa alƙaluma biyu ke shiga ba saura. Ta biyu ita ce ƙananan baƙaƙe. Ku lissafa: 26 manya, 26 ƙanana, lambobi goma, an sami 62, saura biyu kacal cikin 64, ba wurin aya da waƙafi da sauran alamomi. Brooks da kansa ya faɗa daga baya cewa wannan sauyin daga shida zuwa takwas, wanda ya buɗe ƙofa ga ƙananan baƙaƙe, shi ne hukunci mafi muhimmanci da ya yanke a aikinsa. System/360 ta mamaye kasuwa, masu ƙera tef da faifai da injin buga takarda suka bi ta, PDP-11 ta zo a 1970 da kalma mai bit 16 da adireshin bayit, sannan ƙananan masarrafan Intel 8008 na 1972 da 8080 na 1974 suka kulle ƙofar.

Injiniya Rabi'u: Dakta, wannan bayani ya yi, kuma na amince cewa ban ba tarihin 36 haƙƙinsa ba. Amma ina da tambaya ɗaya da nake ganin ita ce zuciyar maganar. Idan ƙananan baƙaƙe ne matsalar, bakwai ta isa. Bakwai na ba da 128, kuma tsarin ASCII na ba wa baƙaƙe lambobi da aka fitar a 1963 bit bakwai ne, aka ƙara masa ƙananan baƙaƙe a 1967 ba tare da an faɗaɗa shi ba. To me ya sa ba a tsaya a bakwai ba, tunda kun ce kowane bit kuɗi ne? An tsallake ta ne saboda ba ta rabuwa biyu, ba ta ɗaukar alƙaluma biyu, ba ta shiga 32 ko 64 daidai. Buƙatar mutane ce ta ce a wuce shida, na yarda, amma lissafi ne ya ce idan an wuce shida, a takwas za a sauka. Ko Stretch ɗin da aka ambata, kalmarta bit 64 ce, kuma an zaɓi hakan ne domin tana ba kowane bit adireshinsa, abin da ke sauƙi idan girman kalma ninkin biyu ne. Saboda haka Malam Habibu, mudunka yarjejeniya ne, amma maƙerin da ya ƙera shi ba kowane girma ne yake zo masa da sauƙi ba.

Malam Habibu: Wannan gyara ne mai kyau, na karɓe shi, Injiniya. Inda har yanzu nake tsaye shi ne cewa sauƙin da kake faɗa bai taɓa isa shi kaɗai ya ture shida ba. Sai da wani ya ce ina so kwamfuta ta yi rubutu irin na mutane, ba lissafi kawai ba, kuma ya yarda a biya tsadar hakan, sannan aka motsa.

Malam Mamane: Gaisuwa daga Maraɗi. Akwai shaida a wurinmu da ke nuna cewa kalmar bayit ta daɗe ba ta nufin takwas kai tsaye. Mu a Nijar idan za mu sayi data ba MB da GB muke gani ba, Mo da Go muke gani, domin a Faransanci oktet ake cewa, kalmar da tushenta ke nufin takwas, ba ta barin shakka. Kuma ba Faransawa kaɗai ba, waɗanda suka rubuta ƙa'idojin intanet a 1981 su ma oktet suka yi amfani da ita, saboda a cikin injinan da ke kan layin a lokacin akwai PDP-10 masu bit 36, inda bayit ke iya zama bakwai ko tara ko wani girman da mai shiri ya zaɓa. Da sun rubuta bayit kawai, da kowane inji ya fahimce ta da nasa mudun.

Malama Hadiza: Akwai wani gefen hukuncin Brooks da ya shafe mu kai tsaye, kuma ina so Malam Habibu ya kai wa ɗalibansa shi. An auna bayit ne da baƙaƙen Turanci. Gidaje 256 da bit takwas ke bayarwa sun wadaci Turanci har da rara, suka ɗauki wasu harsunan Turai da ƙyar, amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba su sami wuri a tsarin da ya yaɗu ba, shi ya sa aka yi shekaru ana rubuta Hausa a kwamfuta ba lanƙwasa, ko kuma da wani salon baƙaƙe na musamman wanda idan an kai takardar wani injin sai ta rikiɗe. Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane baƙi lambarsa: k tana nan a 107 kamar yadda take a ASCII, ƙ kuwa 409 ce, ɓ 595, ɗ 599. Duk sun haura 255, saboda haka ba sa shiga bayit ɗaya. A tsarin UTF-8 da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, wanda yawancin shafukan intanet ke amfani da shi yau, kowannensu bayit biyu yake ci, haka ma baƙaƙen Larabci da muke rubuta ajami da su. Kalmar kasa bayit huɗu ce, ƙasa kuwa biyar. A saƙon tes na waya abin ya fi fitowa fili: saƙo ɗaya bayit 140 ne, wato bit 1,120, idan aka raba da bakwai a sami baƙaƙe 160, amma da zarar ka sa ƙ guda ɗaya, matuƙar wayar ba ta musanya ta da k ba, sai duk saƙon ya koma bit 16 ga kowane baƙi, ya rage saura 70. Ina ganin wannan yana cikin abubuwan da suka saba wa mutanenmu da barin lanƙwasa, kuma abin yana damuna, domin ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne.

Aminu: Na gode ƙwarai da gyare-gyaren, malamai. Saura abu ɗaya: kilobayit 1,000 ne ko 1,024? Littattafanmu biyu sun saɓa.

Injiniya Rabi'u: Duka biyun suna da asali, Aminu. Kilo a ma'aunin duniya dubu ne, kamar a kilogiram. Amma ma'ajiyar da ake kaiwa gare ta da adireshin tushe biyu girmanta ninkin biyu yake zuwa, bit goma na adireshi suna nuna gida 1,024, kuma da yake ya yi kusa da dubu sai injiniyoyi suka ari sunan. Ko ƙaramar kwamfutar Manchesta da ta fara gudanar da shiri daga ma'ajiyarta ranar 21 ga Yuni, 1948, kalmomi 32 ne masu bit 32, jimla bit 1,024. Masu ƙera faifai kuwa da dubu suke ƙirgawa, shi ya sa faifan da aka rubuta masa gigabayit 500 yake nuna kimanin 465 a Windows. A 1998 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya ta ware sunan kibibayit ga 1,024, ta bar kilobayit a 1,000, sai dai sabon sunan bai shiga bakin jama'a sosai ba.

Malam Habibu: Allah ya saka wa kowa da alheri. Ranar Litinin ba zan fara da rubuta takwas a allo ba. Zan ba ɗaliban bit biyar in ce su raba wa baƙaƙen Hausa da lambobi gidaje, su ga inda za su maƙale kamar yadda Alhaji ya bayyana, sannan in ba su shida, sannan bakwai, in bar yarinyar da ta yi tambayar ta jagoranci lissafin.

Aminu: Malam, na gwada na shida yanzu a takarda. Idan aka cire p da q da v da x waɗanda ba ma amfani da su, aka ƙara ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, baƙaƙen sun koma 26. Manya da ƙanana 52, da lambobi goma 62, da alamar hamza irin ta cikin sana'a 63, da tazarar da ke tsakanin kalmomi 64. Gidajen sun cika cif, kuma ban sami inda zan sa aya ba.